Kujerar Ranar Alhamis

Pumpumre, Garwa
4 ga Mayu

Yaya Haula,

Assalamu alaikum. Shekara shida ke nan da na fara jin wani zance a kasuwa, na kuma ƙi yarda da shi. Wai ɗanki yakan zo kullum bayan la'asar ya ajiye motonsa, babur ɗin nan nasa na haya, a tsallaken titi, daidai ƙofar shagona, ƙarƙashin darbejiyar nan, ya zauna har a kira magariba. Wai ko fasinja ya zo sai ya ce masa mai ya ƙare. Abdelkerim mai shayi ne ya fara gaya mini. Na ce masa duk ɗan moto a Garwa inuwa yake nema, kuma darbejiyar ba tawa ba ce. Mai ɗakina marigayiya Hawa'u ma ta maimaita mini kafin Allah ya karɓe ta, na ce mata uwa ba ta rasa abin da za ta gani. Ban san abin da ya dawo mini da zancen ba yau da na ɗauki biro.

To, ina gajiya? Ya ƙafafunki, ya jikin maigidanki Malam Abdulhalim? Ina fata hannun da ya shanye ya fara motsi. Mu nan lafiya, sai zafin da kika sani. Hadari ya yi mana alkawari sau biyu bai cika ba. Gidan shiru. Tun rasuwar Hawa'u da aurar da 'yan matan, ni da agogon bango muke hira, kuma ya fi ni surutu.

Na zaɓi takarda ne don wayarki a hannun jikoki take, muryata in ta shiga gidanku har maƙwabta sai sun ji. Raphaël direba zai miƙa miki hannu da hannu.

Yaya, ɗanki ya faɗi. Sati biyu ke nan, kusa da gadar Binuwai, ya zube daga kan moto yana karkarwa kamar mai farfaɗiya. Ba iska ba ce, tramol ne, ƙwayar nan da 'yan moto suke haɗiya don kada su ji gajiya. An ce shekara biyar yana sha, ya fara da biyu har ya kai inda ba ya ƙirgawa. Matarsa ta sani, shi ya sa ta kwashe yara ta koma Mindif bara. Ni na ɗauka rikicin mata da miji ne, na kawar da kai.

Yanzu yana wani gidan jinya na masu son rabuwa da ƙwaya. Sun ce kwanakin amai da zufa sun wuce. Amma suna da wata doka da ban taɓa ji ba a asibiti: ba majinyaci kaɗai suke yi wa magani ba, har da danginsa. Kowace Alhamis da hantsi sai wani na jini ya zo ya zauna kusa da shi, a yi taron da suke kira reyiniyo, a koya masa yadda zai riƙe shi in an sallame shi. In babu mai zuwa, sun ce wahalarsu ta banza ce, don zai koma ɗakin da yake haya da abokan moto, inda ƙwayar take yawo kamar goro.

Na yi abin da ya kamata. Na aika ƙaninmu Bilya, da babbar riga, kamar mai zuwa neman aure. Mai kula da su, wata Madam Blandine, ta tambaye shi, "Kai ne za ka zauna gida ɗaya da shi?" Ya ce a'a, shi wakili ne. Ta ce, "To ka gaida wanda ya aiko ka, ka ce kujerarsa tana nan." Bilya ya dawo yana huci, wai tun da yake ba a taɓa sallamarsa kafin ya sha ruwa ba.

Kin san matsayina. Ɗan fari ne. Ranar da aka yaye shi kika goya shi zuwa Tinyer, ya dawo mini da gemu. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba, kuma ba ƙiyayya ba ce, haka muka tarar. Maƙwabtanmu Fulani ma sun fi mu riƙe wannan kunyar. Ke kika raine shi, ke yake jin maganarki. Ki zo, ko na wata ɗaya ne.

Ƙaninki,
Usmanu

*

Tinyer
10 ga Mayu

Manu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Nan ruwa ya sauka, ciyawa ta fito. Ƙafafuna suna nan yadda ka bar su. Hannun Malam bai motsa ba. Ni nake juya shi, ni nake ba shi abinci a baki, in na fita tsakar gida sai ya bi ni da ido har in dawo. Ka gaya mini wa zan bar wa shi.

Na karanta takardarka sau uku. A ta farko na yi kuka. A ta uku kuwa nema nake yi, ko biro zai kuskure sau ɗaya ya rubuta Hanzala. Bai kuskure ba. Ɗanki a farko, ɗanki a tsakiya. Lokacin da yake ɗauko maka buhun masara a moto yana ajiyewa a zaure ba ka ce in zo in ɗauki kayana ba, sai yanzu da ya faɗi a titi. Idan mayar mini da shi kake son yi, ka faɗa a fili, in aika a ɗauko shi, abin da zai same shi ya same shi a ɗakina.

Riƙo ka ba ni, Manu, kuma na riƙe shekara goma sha takwas na mayar maka da shi lafiya lau, ko sigari ba ya sha.

Matar nan ta asibiti ta burge ni. Bilya! Bilyan da in ya zauna wajen ta'aziyya ma barci yake yi. Kujerarka ce aka ce, ba ta wakili ba. Ka sa rigarka ka tafi. Kunya ba za ta karya maka ƙafa ba, ni da ƙafafuna suka karye na sani.

Ka rubuto mini yadda ka same shi. Ya rame?

Yayarka,
Haula

*

Pumpumre
18 ga Mayu

Yaya,

Sallama da fatan alheri. Allah ya ba Malam lafiya, ya ba ki ladan jinya. Ni ƙalau, sai dai takardarki ta hana ni cin tuwo ranar da ta iso. Wallahi ban nufi mayar miki da shi ba. Da wane suna kike so in rubuta shi? Shekara talatin da shida bakina bai saba ba, hannuna ma ya bi bakin.

Alhamis ta farko na kai kilishi na bai wa mai gadi na juyo. Ta biyu, shekaranjiya, na shiga.

Ɗaki ne mai fanka ɗaya, an jera kujerun roba a zagaye, kowane majinyaci da nasa a gefe. Uwaye ne da matan aure, maza biyu kacal, ni da wani tsohon jandarma wanda ɗansa ya fi shi tsayi. Na hango kujerar da babu kowa a kai. Na ɗan ja ta baya kafin in zauna, ta yi ƙara, kowa ya waiwayo. Ya rame, Yaya. Wuyansa ya yi tsawo. Ya ce, "Sannu da zuwa, Alhaji," kamar yadda masu sayen atamfa suke ce mini. Na amsa wa bango.

Madam Blandine gajeriya ce, Fulatancinta ya fi nawa, Hausarta kuwa tana ɗingishi amma tana isa inda za ta. Ta koya mana abubuwa. Maganin da za a sallame su da shi a hannunmu zai zauna, mu ba su safe da yamma, mu ga sun haɗiye. In ka ga hamma ba ta ƙarewa, da zufa, da ƙafa ta kasa zama wuri ɗaya, to sha'awar ce ta taso. Ba lokacin wa'azi ba ne, a zauna da shi kawai har ta wuce. Ba kulle ɗaki, ba mari a ƙafa, ba tara dangi a yi masa taron faɗa. Wata tsohuwa ta ce, "To in ba a yi faɗa ba me za a yi?" Madam ta ce, "Hira, Dada." Tsohuwar ta ce ita ba ta san hira da ɗa ba. Na ji daɗi da ba ni kaɗai ba ne.

Daga nan ta ce kowa ya dubi nasa, ya kira sunansa, ya faɗa masa abu ɗaya mai kyau da ya gani a tare da shi. Jandarma ya yi nasa kamar mai karanta oda, amma ya yi. Da aka zo kaina na ce, "Madam, ki gaya masa na ga idonsa ya washe."

Ta ce, "Alhaji, ga shi nan, in ka miƙa hannu za ka taɓa shi. Ni ba waya ba ce."

Aka yi dariya. Na gyara hula na ce, "To a gaya masa."

Sai shi ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Bar shi, Madam. Alhaji ba ya sayar da abin da babu a shagonsa."

Ba wanda ya yi dariya wannan karon.

Da aka tashi ta tsayar da ni a baranda. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce ta san al'adar, kakarta ma ta yi. Amma ranar da sha'awar za ta kama shi a gidana, ba ta nan, Bilya ba ya nan, wa za a ce ya gaya masa? Sannan ta buɗe karnensa, ɗan littafin da suke rubuta bayanin jinya, ta ce, "Wane abinci ya fi so? Makon farko a gida ba sa son ci." Na san yadi nawa ke cikin kowane bandir a shagona, amma wannan ban sani ba.

Shi ne nake tambayarki. Me yake so ya ci? Me ba ya ci? Ki ba Raphaël amsa da ya juyo.

Usmanu

*

Pumpumre
30 ga Mayu

Yaya,

Sallama. Ina fata lafiya ce ta hana ki rubutu, ba fushi ba. In fushi ne na cancanta, amma ki ajiye shi zuwa wani lokaci. Na kira wayarki sau biyu, ba ta shiga.

Ya fita daga gidan jinyar. Alhamis da ta wuce na koma, na yi niyyar kiran sunansa tun daga gida, har na gwada a hanya cikin raina. Da aka zo kaina sai na ji bakina ya ce, "Madam." Washegari da safe ya ce wa mai gadi zai sayo sabulu. Ba gidan yari ba ne, ba sa tsare kowa.

Madam ta gaya mini abu biyu, kuma ba ta sassauta ko ɗaya ba. Na farko, za ta riƙe masa gadonsa zuwa Alhamis mai zuwa, bayan haka akwai masu jira. Na biyu, jikinsa ya manta da ƙwayar. In ya haɗiyi adadin da ya saba a da, yana iya zama na ƙarshe.

Na rufe shago. Kwana shida ina bin tashoshin 'yan moto, Yelwa, bakin gada, hanyar filin jirgi, har Pitowa na je. Kin san abin dariya? Ina isa sai su ce, "Papa, wa kake nema?" In ce wani dogo, baƙi, mai tabo a goshi. Wani yaro ya cire hular kwano ya nuna mini nasa tabon ya ce, "Papa, dukanmu titi ya sa mana hannu. Sunansa?" Na ce ɗan Haula ne ta Tinyer. Suka dubi juna. Na tabbata sun ɗauka tsufa ne ya fara taɓa ni.

Yau na je reyiniyo ni kaɗai. Da can tawa ce kujerar da babu kowa, yau tasa ce. Jandarma ya ba ni goro.

Na share ɗakin Hawa'u, na shimfiɗa sabuwar tabarma, ban san wa nake yi wa ba. In ya zo wurinki, ki riƙe shi, ba zan ce komai ba. Ki dai rubuto.

Usmanu

*

Tinyer
22 ga Mayu

Manu,

Sallama. Muna nan yadda muke. Na ji daɗi da ka shiga ɗakin. Na kuma janye maganar mayar da kaya, zafin zuciya ne.

Kunun gyaɗa yake so, da tsamiya, a sa zuma ba sukari ba. Ga kwalba nan na ba Raphaël. Ba ya cin kuɓewa, in an matsa masa zai ci amma ba zai yafe ba. Yana son ƙanzon shinkafa fiye da shinkafar.

Yanzu ka saurara, zan gaya maka abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Kana cewa haka muka tarar, kamar ni ban tarar ba. Ka manta ni ce 'yar fari a gidanmu? Baba bai taɓa kiran sunana ba. "Ke," ko "waccan," ko ya ce wa Inna a gaya mini. Ku kuwa yana zaune a zaure yana kwala muku kira ɗaya bayan ɗaya, Usmanu, Bilya, har kare ya san sunayenku. Na san yana sona, kowa ya ce alkunya ce, ni ma haka nake cewa. Amma ranar da yake jinyar ajali na taho tun daga nan a bayan babbar mota, na zauna a bakin gadonsa kwana huɗu. Ba gado nake jira ba, ba wasiyya ba. Bai kira ba. Shekarata saba'in da uku, har yau in na tuna sai in tashi in nemi aikin yi.

Zancen darbejiya da ka ce ba ka yarda da shi ba, ni na yarda. Ni na raini Hanzala. Tun yana ƙarami in ransa ya ɓaci ba ya nisa. Sauran yara su gudu rafi, shi sai ya zauna a bakin rijiya, daidai inda zan gan shi daga madafa, ya juya mini baya. Ba ya dawowa da kansa, ko dare zai yi. Amma kira ɗaya ya ishe shi.

Na gaya maka ne don wata rana.

Haula

*

Pumpumre
8 ga Yuni

Yaya,

Assalamu alaikum. Lafiya muke, mu biyu. Ki sake karanta wannan layin in kina so, ni ma na daɗe ina kallonsa.

Takardarki ta yi sati biyu a hanya. Motar Raphaël ta lalace a Ngaundere, ta yi kwanaki a gareji da zumarki a ƙarƙashin kujera. Ni kuwa ina nan ina auna fushinki da mudu. Ranar Talata da azahar ya kawo, yana ta ba da haƙuri. Na karanta a tsaye a zaure. Da na kai wajen rijiya sai na nemi takalmina.

Kwana goma sha ɗaya ban taka kasuwa ba. Na zaga Garwa kaf, wuri ɗaya ne ban duba ba, ƙofar shagona. Na isa bayan la'asar. Yana zaune a kan saiwar darbejiyar, babu moto, rigar da ya fita da ita ce a jikinsa, ya ba shagon baya.

Abdelkerim yana zuba shayi bai ko dube ni ba. Na ce, "Tun yaushe?" Ya ce, "Tun ranar da ka rufe." Na ce me ya hana shi aiko mini. Ya ce, "Ya roƙe ni kada in faɗa. Kuma na faɗa maka shekara shida da suka wuce, ka ce inuwa ce."

Na tsaya a bakin titi, motoci suna wucewa. Na ce, "Kai!" Mutum biyar suka waiwayo, har da mai tura baro, ban da shi. Na yi gyaran murya. Na ji kamar Baba yana tsaye a bayana, da kakanmu a bayansa, har zuwa wanda ya fara taho da jakai daga Kano. Sai na tuna ki a bakin gadon nan kwana huɗu.

Na kira. Muryar ta fito a shaƙe kamar ta zakaran da bai gama koyo ba, ban ma zaci ta tsallaka titi ba. Kafaɗunsa suka motsa. Bai juyo ba. Na sake, wannan karon har masu atamfa na layinmu suka leƙo. Ya tashi a hankali ya tsaya, ni na tsallaka. Wani ɗan moto ya kusa kwashe ni, ya zage ni da Faransanci, ban ji haushi ba.

Ba zan yi miki ƙarya ba, ya sha. Ya faɗa da bakinsa kafin in tambaya: sau uku, guda bibbiyu, don ya tuna gargaɗin Madam. Wa'azi ya taso mini har maƙogwaro, na haɗiye shi. Na ce, "Akwai zuma daga Tinyer." Muka taho gida a ƙasa, yana gaba ina baya, daga baya muka jera.

Ni na dama kunun da kaina. Ya ɗaga ludayi ya ga bai zuba ba, ya ce, "Alhaji, wannan kunu ne ko za a yi gini?" Amma ya shanye. Har yanzu Alhaji yake ce mini. Madam ta ce kada in yi gaggawa, ni da na ɗauki shekara talatin da shida.

Shekaranjiya muka koma tare. Gadonsa yana nan. Zai ƙara sati biyu, sannan ya dawo ɗakin uwarsa, maganin a aljihuna, Alhamis kuma ta zama tamu har sai sun ce ya isa. Ta ce zai iya sake zamewa, kada in ɗauka an gama. Na ce na ji. Da aka zo kaina a zagaye ban nemi waya ba. Jandarma ya tafa, matarsa da ta rako shi ranar ta harare shi.

Akwai abin da nake riƙe da shi naki, ban san naki ba ne sai yanzu. Shekarar da aka kai ki Tinyer, wata asuba na fito alwala na ji Baba a zaure shi kaɗai yana yi wa 'ya'yansa addu'a ɗaya bayan ɗaya. Da Haula ya fara. Ya faɗa sau biyu. Na ɗauka ba abin faɗa ba ne, sai na yi shiru shekara hamsin. Ki yafe mini.

Saura zancen da na buɗe takardata ta farko da shi. A taron, Madam ta tambaye shi ko akwai abin da yake so mahaifinsa ya sani. Sai ya ce ba inuwa yake nema a wurin ba, darbejiyar ma ba ta da wata inuwar kirki da yamma. Yana zama ne ko wata rana zan rasa mai ɗaukar mini kaya in leƙo in kira shi. Ya ce in magariba ta yi ban kira ba, sai ya haɗiyi biyu ya kama aiki.

To kin ji. Abdelkerim ya faɗa na ƙi, Hawa'u ta faɗa na ƙi, ke ma kin faɗa. Wanda ya gaya mini na ƙarshe, a gaban mutum goma sha huɗu, shi ne ɗana, Hanzala.

Ƙaninki,
Usmanu